Kyan Halitta Da Abin Da Littattafan Soyayya Ke Koya Wa 'Ya'yanmu

 

An ce in yi magana kan littattafan soyayya da yaranmu ke karantawa. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na sani goro, amma zan faɗi abin da na gani, malamai su gyara.

Da farko, kada mu ɗauka labarin soyayya baƙo ne a Hausa. Tun wajen 1935 aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda mai dukiya ya raba saurayi da budurwarsa. A 1980 aka fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Daga nan marubutan Kano suka ɓarke, irin su Balaraba Ramat Yakubu mai Wa Zai Auri Jahila? da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. A wancan lokaci cikin motocin da ke zuwa ɗaukar goro ake sako mana su ƙunshi-ƙunshi. Yanzu kuwa ba sai an jira mota ba, suna cikin wayar kowace yarinya, wasu ma karanta mata ake yi tana kwance tana saurare.

To, ga inda gizo ke saƙa. Duk wanda ya karanta goma daga cikin littattafan da suka biyo baya, zai ga kamar yarinya ɗaya ce ake ta sake wa suna. Fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, idanu dara-dara. Sai marubuci ya ƙara da cewa ko hoda ba ta shafawa, haka Allah ya halicce ta. Saurayi kuwa daga hango ta cikin mota ya kasa barci, bai san sunan ubanta ba, bai san ko ta iya gaida mutane ba. In an kawo kishiya ko muguwar ƙawa, sau da yawa ita ce baƙa, gajera, mai kaushin fata. Jama'a, wannan siffa ta 'yar wa ce a cikinmu? Akwai farare a Hausa da Fulani, ba musu. Amma yawancin wannan zane daga finafinan Indiya aka kwaso shi, waɗanda aka daɗe ana nunawa a silimun Kano da Kaduna da Jos tun kafin a haifi marubutan.

Abin da ya sa wannan ya fi damun mu mazauna kudu shi ne, an kafa Sabon Ibadan tun 1916, akwai gidajen da jikokin jikoki ne ke cikinsu yanzu. Yarinyar da aka haifa a nan, ko a Shagamu, ko Agege, wata ba ta taɓa yin wata guda cur a Arewa ba. Arewarta ita ce wadda ta karanta. In ta duba madubi ta ga ba ta yi kama da ta littafi ba, sai ta ɗauka ita ce aka rage wa wani abu, alhali kakarta da aka yi ta rububin aure baƙa ce mai sheƙi. Hausa tana da kalmominta na yabon kyau, muna cewa wankan tarwaɗa, muna yabon wushirya, da dogon wuya, da kitso mai kyau, da tafiyar natsuwa. Ina suka shiga?

Daga madubi kuma sai kanti. Ba sai na ɓoye ba, wasu daga cikin masu sayar da man bilicin 'yan'uwanmu ne, suna zaune a nan. Likitoci sun bayyana abin da ke cikin irin waɗannan mayuka. Wani yana hana fata yin launin da ke kare ta daga rana, in an daɗe ana shafawa sai baƙin tabo ya fito a kumatu wanda ya fi na da muni. Wani yana sa fata ta yi sirara, nankarwa ta tsattsage ta, in an ji rauni ko an yi tiyatar haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Wani kuma akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC da kanta ta ce al'amarin ya kai matsayin larurar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Kun ga abin mamaki, littafi ya yabi kyan da ba a taɓa ba, mai karatu ta je ta ƙone nata don ta kamo shi.

Kuma samari kada ku yi dariya, don ku kuka sa farashin. Mu a sana'armu farin goro ya fi kuɗi, gaskiya ne. Amma ba mai hankalin da zai biya kuɗin huhu don farin da ya gani a sama, sai ya zura hannu ƙasa, ya ɓara ya duba ko sankara ta shiga. Kyau abin so ne, Musulunci bai hana ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurci Mugira ɗan Shu'uba ya dubi matar da yake nema, ya kuma lissafa kyau cikin abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, sai dai ya fifita addini. Amma duban nan don a ga gaskiya ne. In fuskar da aka nuna maka ta kwalba ce, ran da kuɗin mai ya yanke me za a yi? Mun sha zaman sulhu a ƙofar Sarki kan auren da bai kai shekara ba, in an tona sai a tarar kowa hoto ya aura.

Ni ban ce a ƙone littattafai ba. Su ne suka riƙe wa yaranmu karatun Hausa a garin da makaranta Turanci da Yarabanci take yi. Kuma nagarin cikinsu ba kan fata suka tsaya ba. A In Da So Da Ƙauna, talauci da dukiya ne suka shiga tsakanin Muhammad da Sumayya. A littafin Balaraba, rashin ilmi aka goranta wa Abu, da ilmi kuma ta ɗaga kanta.

Roƙona ga iyaye mata, ku karɓi wayar ku ji abin da ake karantawa, ku tambayi yarinya me wannan tauraruwa ta yi ban da kyau. Malaman Islamiyyarmu su sa maganar man nan cikin darasin 'yan mata da na samari duka. Yaranmu masu rubutu, na san akwai su, su rubuta mana labarin 'yar Sabo yadda take, da launinta da Hausarta mai gauraye da Yarabanci. 'Yan'uwana masu kanti kuwa, ina neman shugaba ya ba mu rana mu zauna mu kaɗai kafin taro na gaba.