AGUWA DA BURTALINMU
Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya

Ƴan'uwa da kuka taso daga Yamai da Damagaram, da ku ƴan bida na Abijan da wannan takarda za ta iske, muna gaishe ku.

An ce mu yi magana kan burtali. Mun ga ya kamata mu fara da aguwa, don ita ce ta riƙe burtalin nan tun ba a haife mu ba. Ran nan mun tambayi ƴan ajinmu sunan icen da ke bakin hanyar rijiya. Kaɗan ne suka sani. Mu ma laifinmu ne: a makarantar horon malamai mun haddace itatuwan Faransa, ba wanda ya kai mu gindin aguwa.

Dangin rogo ce, da zurma, da tinya, da bi-ni-da-zugu. In aka karya reshenta farin ruwa kamar nono ke zuba, kuma saboda wannan ruwa ne bisashe ba su cin ta. Da rani takan zubar da ganye ta tsaya tsirara, mutum ya ɗauka ta mutu, alhali ruwa na ajiye cikin rassanta. Furenta ƙanana ne, rawaya-rawaya, a kan bakin reshe. Sai mai lura ke ganin su. Masana sun daɗe suna haɗa ta da wata ƴar'uwarta ta tsibiran Kanari. A 2021 suka raba su, suka maida wa tamu tsohon sunanta, Euphorbia sepium, wato "ta shinge". Ashe har a Latin aikinta aka sa mata suna.

To, ina shingen yau? Kowa ya sani. Wani ya tumɓuke don ya ƙara kunya biyu a gonarsa, maƙwabcinsa ya gani shi ma ya yi. Wasu sun ce macizai ke ɓuya ciki. Gaskiya ne, amma macijin bai hana kakanninmu noma ba. Yanzu akwai wurin da shanu biyu ba su iya wucewa kafaɗa da kafaɗa. Damana ta bara sau uku ana kai ƙarar ɓarna gaban maigari, kuma a ta ukun an zaro sanda. Dattawa ba su manta Toda ba, nan cikin jihar Maradi, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Wasu daga cikinku sun rubuto cewa a tara kuɗi a sayi waya. Mun gode, amma ba mu goyi baya ba. Waya na tsatsa, ana sace ta, ana kuma matsar da ita da dare. Aguwa in ta kama, duk wanda ya cire ta sai ramin ya tona masa asiri. Ga ta kuma tana tare rairayi. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji ke dasa ta kan tuddai.

Dasa ta ba wuya. Da bazara, kafin ruwan farko, a sari reshe kamar kamu biyu, a bar shi inuwa ƴan kwanaki ruwan ya tsane, sa'annan a kafa shi cikin busasshiyar ƙasa, kusa-kusa. Wanda ya jira ƙasa ta jiƙa, ruɓewa zai yi. A kiyaye ido, don ruwanta na ƙuna ƙwarai. Yara ƙanana kada su yi sara.

Abin da muke roƙo: maigari da ardo su fita tare, su nuna tsohuwar iyaka gaban kowa, kafin a kafa ko reshe guda. Ƴan bida ku ɗauki kuɗin amalanke da abincin masu aiki. Mu za mu zo da manyan ƴan lakwal su yi jido ranar da babu karatu. Wanda ke da tsohon shinge da za a sara, ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.