Ministan da Ba a Tambayarsa, Sarki Ne

Wannan jawabi ne da aka yi wa 'yan jam'iyya a garin Keffi. An buga shi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran biranen Kudu.

Maganar da za a yi ita ce ta ministoci, watau yadda ake jera su bisa daraja, da kuma wanda ke da ikon tsare su da tambaya a irin mulkin majalisa da Nijeriya ta gada daga Ingila.

A wancan tsari babu ministan da ba ɗan majalisa ba ne. Shugaban jam'iyyar da ta fi yawan kujeru shi ke kafa gwamnati. Ta haka Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, Alhaji Abubakar Tafawa Balewa kuwa ya zama Firayim Minista a 1957. Keffi a lokacin tana Lardin Binuwai, wakilanta suna zuwa Kaduna da Ikko.

A ƙarƙashin shugaba sai manyan ministoci masu zama a majalisar zartarwa, kowa da ma'aikatarsa. Aliyu Makaman Bida ya riƙe kuɗi a Kaduna, Isa Kaita ya riƙe ilmi, Muhammadu Ribaɗu kuwa ya riƙe tsaro a Ikko har ya rasu a 1965. Bayansu sai ƙananan ministoci, sa'an nan sakatarorin majalisa, waɗanda ke taimakon minista wajen amsa tambayoyi. Alhaji Shehu Shagari ma daga wannan mataki ya faro kafin ya zama minista. Babban sakataren ma'aikata kuwa ma'aikacin gwamnati ne, ba ya tsayawa zaɓe, don haka idan ma'aikata ta yi kuskure minista ne ke ɗaukar laifin a gaban majalisa.

Igiyoyin da ke ɗaure minista uku ne. Ta fari ita ce tambaya. Idan hanyar Keffi zuwa Akwanga ta lalace, wakilin yankin yana iya miƙewa ya tambayi ministan ayyuka, shi kuwa tilas ya amsa a bainar jama'a. Ta biyu, duk abin da majalisar zartarwa ta yanke ya hau kan kowane minista. Wanda bai yarda ba sai ya ajiye aiki. Ta uku ita ce ƙuri'ar rashin amincewa, wadda ke iya kayar da gwamnati duka a yini guda.

An ga aikin waɗannan igiyoyi. A 1956 Adegoke Adelabu ya sauka daga kujerar minista a Ikko bayan binciken da aka yi kan majalisar gundumar Badun. A wannan shekara aka binciki Dokta Nnamdi Azikiwe, Firimiyan Gabas, kan kuɗin gwamnati da aka zuba a bankin da yake da hannu a ciki, sai ya koma ga masu zaɓe a 1957, suka mai da shi.

An kuma ga ranar da igiyar ta tsinke. A 1962 Gwamnan Jihar Yamma ya tuɓe Firimiya Akintola bisa takardar da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an jefa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da aka taru a Badun sai aka kaure da jifa da kujeru, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Dattawan Sabon Badun sun san irin wutar da ta biyo baya har zuwa juyin mulkin Janairu 1966. Zamanin soja kuwa babu majalisar da za ta tambayi kowa. Ɗan Keffi, Alhaji Abdullahi Adamu, ya zama ƙaramin ministan ayyuka a 1995, amma ga shugaban mulkin soja kaɗai ministocin wancan lokaci ke ba da bahasi.

Tun 1979 aka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Shugaba ke zaɓen ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, Majalisar Dattawa ta tabbatar da su. Ɗan majalisar da aka naɗa sai ya bar kujerarsa. Majalisa tana da ikon kiran minista ya yi bayani, amma shugaba ne kaɗai ke iya sallamarsa. A 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai sun kawo ƙudurin a koma tsohon tsari.

Ko an koma ko ba a koma ba, abin da ya shafi ɗan Arewa a Kudu guda ne. Mai sayar da shanu a Agege da mai goro a Shagamu su san sunan wakilinsu, na gida da na inda suke zaune, su kai masa kukan kasuwa da na hanya a rubuce, su kuma bi sawu ko ya tambayi minista. Wakilin da ya yi shiru, a tuna masa ranar zaɓe. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.