Ciwon Jiki da Ciwon Damuwa: Mu Kula da Su Tare

Mun gode da zarafin da aka ba mu domin mu yi magana a kan wani abu da muke gani a gidajenmu, amma ba mu cika kiran sunansa ba.

Kusan kowannenmu ya san wani mai fama da ciwon da ya ƙi tafiya: tsohuwa mai ciwon gwiwa, manomi mai ciwon baya, ko yaro mai sikila. Idan ciwo ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, likitoci sukan ce ya zama ciwo mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya.

Abin da muke so mu riƙe a yau shi ne, irin wannan ciwo da ciwon damuwa suna ƙara wa juna ƙarfi. Ciwo yakan hana barci, rashin barci kuma ya sa ciwon ya ƙara zafi washegari. Mutum ya daina zuwa gona ko kasuwa, kuɗi ya ƙare wajen magani, masu zuwa gaisuwa su ragu. A hankali sai baƙin ciki ya zauna masa.

Abin yana da tushe a cikin jiki ma. Akwai sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa, sirotonin da noradirenalin, masu daidaita yanayin zuciya. Su ne kuma suke taimakawa wajen rage saƙon zafi da ke hawowa ta laka. Shi ya sa likita yakan ba mai ciwon jijiya maganin amitriptyline kaɗan, ko da yake asalinsa maganin damuwa ne.

To, yaya za mu gane? Idan ɗan'uwa ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, abin da yake so dā ya fita daga ransa, abinci ba ya ciwuwa, yana cewa ya zama kaya ga iyalinsa, kada mu ce halinsa ne ya canza. Idan kuwa ya fara zancen gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Mu yi hankali da bakinmu. Kada mu ce masa raki ne, ko rashin bangaskiya. Mu zauna mu saurare shi. Mu raka shi wurin likita, a faɗi ciwon jikin, a kuma faɗi na zuciyar, gama idan an bi da ɗaya an bar ɗaya, sauƙi yakan yi nisa. Akwai asibitocin tarayya masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne. Mu guji sayen tramadol a kemis ba da takardar likita ba, domin jiki yakan saba da shi har ya zama wata sabuwar cuta. Idan likita ya yarda, ɗan tattaki kowace rana yana taimakon jiki da zuciya.

Kafin mu sake haɗuwa, bari kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya da ciwo ya tsare a ɗaki, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi yaya barci, yaya kuma zuciya.