Giwayen Yankari da Aikin Ƙidaya

A duk faɗin Najeriya wurare biyu kaɗai suka rage da zaki ke yawo a daji: Yankari a Jihar Bauchi, da gandun dajin Tafkin Kainji. Giwayen Yankari kuwa, da aka ƙirga su daga jirgin sama a 2006 an samu fiye da 300. Yau ana kiyasin tsakanin 100 ne da 150. Masu neman haure ne suka yi mana wannan ɓarna.

Da ba a ƙirga ba, yaya za a san an yi asara? Ganin wannan asara ya sa nake jinjina wa masu gadin dajin da ke sintiri a bakin Kogin Gaji, wasunsu har sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, da ke aiki da gwamnatin jihar, ta ɗaura wa wasu giwaye na'urar wuya mai nuna inda garke yake ta tauraron ɗan'adam. Da sun doshi gonaki sai a tura masu gadi.

Amma manomin da giwa ta tattake masa dawa cikin dare ɗaya fa? Lallai gwamnati ta biya shi diyya kafin girbi ya wuce.