Jawabi Kan Gyaran Kwamfutar Ƙungiya

Dattawa da 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Assakio.

Kwamfutar da ke riƙe da sunayenmu da lissafin adashinmu ta yi nauyi. Wasu sun ce a sayo sabuwa. Ni dai na ce a dakata.

Abu biyu ke ba kwamfuta sauri: ram da furosesa. Ram kamar rumfa ce. In ta yi ƙanƙanta, dole a riƙa safarar kaya daga sito. Furosesa kuwa shi ne mai ciniki. Ƙara ram ya fi araha, amma DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3, sai mai gyara ya duba kafin a saya a Lafia.

To, ga wani hanzari. Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana son furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama. In tamu ba ta kai ba, na janye maganata, mu haɗa kuɗin wata.

Amma kafin a kwance ko kusa ɗaya, a kwafe lissafin nan wuri biyu. Amanar jama'a ce.