Idan Sunanmu Bai Fito a Jerin Ƙarin Girma Ba



Da yawa daga cikinmu a nan Tozai da Illela aiki ne ya kawo mu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da masu aiki a bakin iyaka, hanyar Birnin Ƙonni. Albashin mutum ɗaya ke riƙe da gida nan, da iyaye can ƙauye, har da baikon ikilisiya. Shi ya sa idan jerin ƙarin girma ya fito babu sunanmu, ga na wanda muka koya wa aiki, abin yakan yi ciwo ƙwarai.

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne, "Don ni Kirista ne," ko "Don ni ba ɗan jiha ba ne." Wani lokaci haka ne. Amma kafin mu yanke hukunci, mu bincika. A ma'aikatun gwamnatin tarayya, wanda ke mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya cika shekara 2 kafin a duba shi, mataki na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa sama shekara 4. Ga jarrabawa, ga batun gurbi. Shekarunmu sun cika? Takardunmu suna cikin fayil?

In komai ya cika amma aka tsallake mu, yin shiru ba dole ba ne. Manzo Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda addini, ƙabila ko asalinsa. Mu rubuta takardar koke cikin ladabi, ta hannun shugabanmu, mu ajiye kwafi. In ba a saurare mu ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a Sakkwato, ba a biyan ko kwabo. Sai dai ba ta karɓar ƙarar da ta wuce wata 12, don haka kada mu yi sanya.

Babban haɗarin yana cikin zuciya. Wanda aka ɓata wa rai yakan fara zuwa aiki a makare, ko ya ce tunda an hana shi nasa, bari ya karɓa a hannun masu wucewa. 'Yan'uwa, a wurin da muke 'yan kaɗan, cin hancin mutum ɗaya sunan ikilisiya duka yake ɓatawa. Mu tuna Mordekai: ya ceci ran sarki, aka rubuta aka manta, aka ɗaukaka Haman. Bai daina aminci ba, ranar tuna shi kuwa ta zo. Mu je mu taya wanda ya samu murna, Kirista ne ko Musulmi, gama gobe tare za mu yi aiki.

Dattawa, roƙonmu gare ku: ku ziyarci irin wannan ɗan'uwa a gida. Kada ku tsaya ga cewa ya yi haƙuri kawai. Waɗanda suka yi ritaya su duba masa takardu, su taimaka wajen rubuta koken, a yi addu'a tare da iyalinsa.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikima. Amin.