Kamfanin Jirgin Sama Na Ƙasa: Wa Zai Gaya Wa Gwamnati Gaskiya?

 

Wani zai ce, me ya haɗa ƙungiyar ci gaban gari da maganar jirgin sama, alhali rijiyar burtsatse da rufin makaranta ne suka tara mu? Abin da ya haɗa mu shi ne, da yawa daga iyayenmu a jirgin Nigeria Airways suka je sauke farali, kuma kuɗin jama'a aka yi ta zubawa don a maye gurbinsa bayan ya durƙushe.

An kafa kamfanin a 1958. A shekarun 1980 yana da jirage wajen 30, amma a 2003 ya daina tashi, bashi ya yi masa katutu, ma'aikatansa suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. A ganinmu ba rashin masana ne ya kashe shi ba, domin tun 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya. Abin da aka rasa shi ne masanin da zai faɗi gaskiya ba tare da tsoron a sallame shi gobe ba. Wanda minista ya naɗa, da wuya ya dubi minista ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hanya asara ce."

An ɗauko na waje ma. A 1979 aka damƙa wa kamfanin KLM na ƙasar Holan ragamar gudanarwa. Bayan shekara biyu suka tafi, aka koma gidan jiya. A 2000 aka gayyaci IFC, wani reshe na Bankin Duniya, ya ba da shawarar yadda za a sayar da kamfanin. A 2001 ya janye, yana kukan ba a aiki da shawararsa. Sai kuma Nigeria Air, wanda aka ƙaddamar da sunansa a Ingila a 2018. A watan Mayun 2023, kwana uku kafin miƙa mulki, aka nuna jirgi guda a Abuja, daga baya ta bayyana hayarsa aka yi daga Habasha. A 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar. Ba mu raina ƙwarewar kamfanin Habasha ba, amma wanda aka ware wa kashi 49 na hannun jari abokin ciniki ne, ba alƙali ba.

Abin lura, shi kansa kamfanin Habasha na gwamnati ne ɗungurungum. An kafa shi a 1945, ƙwararrun kamfanin TWA na Amurka suka riƙe shi suna horar da 'yan ƙasa, har ɗan Habasha ya karɓi shugabanci a 1971. Masu mulki sun sauya a can, har da juyin mulki, amma galibi an bar masu sana'a da sana'arsu.

Kada kuma a ɗauka asarar ta kuɗi ce kawai. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin da aka yi haya daga wani kamfanin Kanada don kwaso alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda. Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya fita. Bincike ya nuna iskar tayoyinsa ba ta kai ƙa'ida ba. Makaniki ya nemi a ƙara, amma aka ƙi jinkirta tashi saboda gudun makara. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Saboda haka muna roƙon 'ya'yan wannan gari da ke ma'aikatun tarayya, da wakilanmu a majalisa: duk ranar da aka sake tayar da maganar kamfanin jirgin ƙasarmu, su nemi a kafa kwamitin masana da doka, na matuƙa da injiniyoyi da akantoci, masu wa'adin da minista ba zai iya yanke shi ba, waɗanda ba su da jari a wani kamfanin jirgi. Rahotonsu kuma a buga shi kowa ya karanta kafin a kashe kobo. Sakatare zai rubuta wa ɗan majalisarmu wannan buƙata bayan taro.